Sama fari fat, gini baƙi ƙirin: amsa ga mai son ɗaukar hoton Edinbara

Wani ɗalibi da ya sauka a Edinbara, babban birnin Sukotland, cikin watan Satumba domin karatun digiri na biyu, ya rubuto mini yana cewa: "Yaya, ina da ƙaramar kyamara da idon da ta zo da shi, wato gilashin gabanta, sai wayata. Duk hoton da na ɗauka a garin nan, ko dai sama ta fito fari fat kamar takarda, ko gine-gine su fito baƙi ƙirin. Ga hadari kullum. Kyamarar ce ba ta da kyau in sayi wata? Ina zan je, kuma da wane lokaci?"

Ƙanena, barka da sauka, Allah ya sa a gama lafiya. Mayar da kuɗinka aljihu. Kyamararka lafiyarta ƙalau, wadda ta ninka ta tsada sau biyar ma abin da za ta ba ka ke nan muddin ka tsaya a wurin nan a irin lokacin nan. Ban ga hotunan ba, amma na san wurin: titin Princes Street, wajen azahar, ka ba shaguna baya kana kallon fadar da ke kan dutse. Kowane baƙo daga nan yake farawa. Ni ma daga nan na fara, bayan na shafe shekaru ina ɗaukar hoton biki da suna a gida, kuma irin hotunanka na kwaso.

Ga abin da ke faruwa. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Edinbara tana kan kusan 56. A gida rana takan hau ta tsaya a tsakar ka, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. A nan ba ta yin haka ko sau ɗaya a shekara. Ta kudu take ratsawa kullum, a karkace. A ƙarshen Yuni, lokacin da ta fi tashi, digiri 57 take kaiwa. A ƙarshen Disamba kuwa ba ta wuce 11, wato idan ka miƙa hannunka ka dunƙule shi a daidai inda sama ta haɗu da ƙasa, kan dunƙulen nan shi ne iyakarta da tsakar rana. To, Princes Street tana arewa da Tsohon Gari, inda fadar take. Duk wanda ya tsaya a kanta yana kallon fada, kudu yake kallo. Rana tana gabansa, gine-ginen kuma sun juyo masa ɓangarensu da ke cikin inuwa. Ka haɗa wannan da launin dutsen kansa. Da dutsen yashi aka gina garin, hayaƙin kwal na shekaru ɗaruruwa ya dafa shi, har ake yi wa garin laƙabi da Auld Reekie, wato tsohuwa mai hayaƙi. Dubi hasumiyar tunawa da marubuci Walter Scott da ke gefen titin, mai tsayin mita 61, wadda aka kammala a 1844: har yau baƙa ce kamar gindin tukunya. Idonka yana iya ganin farar sama da baƙin dutse a lokaci guda. Kyamara ba ta iyawa, dole ta zaɓi ɗaya ta saki ɗaya.

Maganin farko bai shafi maɓalli ba, ƙafa ce. Zagaya ta kudancin fada. Ka sauka filin Grassmarket, ka nemi matakalar da ake kira The Vennel, ka hau ta, sannan ka waiwayo. Daga nan rana tana bayanka, tana haska fuskar dutsen da bangon fada, matakalar da fitilun gefenta kuma suna jan ido kai tsaye zuwa sama. Idan kana son garin duka, hau tudun Blackford Hill da ke kudancin gari, mita 164, inda gidan nazarin taurari yake. Daga can za ka ga fada da hasumiyoyi a jere, ruwan Forth, mashigin tekun da ke arewacin gari, a bayansu, duwatsun Fife a can ƙetare, duk hasken yana sauka a kansu. Wancan ɓangare na Princes Street kuwa ka ajiye shi sai Mayu zuwa Yuli, lokacin da rana ke zagayowa ta faɗi ta arewa maso yamma. A sannan ne fuskar arewa take samun rabonta da yamma liƙis, sai ka shiga lambun da ke ƙarƙashin fada ka sa maɓulɓular Ross Fountain a gaba.

Na biyu shi ne saiti, kuma ba shi da yawa. Ka auna haske a kan sama, kada ka auna a kan gini. Inuwar da ta yi duhu ana iya ɗago ta a kwamfuta, amma saman da ta ƙone ta zama fari ta tafi ke nan, babu abin da ya rage a ciki da za a dawo da shi. Akwai maɓalli mai alamar +/- a kyamararka, ka rage shi zuwa -0.7 ko -1. Ka kunna jadawalin haske da ake kira histogiram, ka tabbata tudun da ke cikinsa bai manne da bangon dama ba. Ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) 100 ko 200, ƙofar haske f/8, wato matsakaiciyar buɗewa. A waya kuwa ka taɓa sama da yatsa, ka ja alamar ranar nan ƙasa kaɗan. Wajen gyara ka ɗago inuwa daidai misali. Ina ganin hotunan da aka matsa wa gyara har dutsen Edinbara ya koma ruwan zuma, gajimare ya koma kamar an zana shi da gawayi, kuma ba sa burge ni. Baƙin nan tarihin garin ne, a bar masa shi.

Yanzu batun lokaci, wanda shi ne ainihin sana'ar a garin nan. Kana da abin da abokan karatunka da yawa ba su da shi, wato ka tashi kana sanin sama ta hanyar salla. Ka je babban masallacin da ke Potterrow, dab da jami'a, ka karɓi jadawalin lokutan salla na wata. Wannan takarda ita ce jadawalin aikin mai hoto. Daga ketowar alfijir zuwa hantsi, sai daga la'asar sakaliya zuwa ɓacewar shafaƙi, nan dukiyar take. Abin da ya bambanta da gida shi ne tsawonta. A Kano idan rana ta faɗi, cikin minti ashirin da 'yan kai duhu ya fara rufewa, shi ya sa muke gaggawar magariba. A nan, saboda rana a kwance take sauka, almuru yana jan minti arba'in zuwa hamsin a lokacin sanyi, ya kai awa guda a Yuni. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne naɗe kaya da zarar ƙwallon rana ya ɓace. Ka tsaya. Minti ashirin zuwa talatin bayan faɗuwarta sama takan yi shuni kamar an tsoma ta a marina, fitilun fada su kama, hasken sama da na ƙasa su zo daidai da juna. A wannan ɗan tsakanin matsalarka ta farar sama da baƙin gini ba ta nan kwata-kwata. Sai dai hannu ba ya riƙe kyamara a wannan haske, sai an ɗora ta a kan ƙafar kyamara, abin nan mai ƙafa uku, ko a kan katanga, a sa mata jinkirin daƙiƙa biyu don kada taɓa maɓalli ya girgiza ta.

Ka zo a daidai, ko da yake jikinka ba zai yarda da ni ba. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, ku rabu da lokacin Najeriya, rana ta riƙa faɗuwa wajen biyar saura kwata. Zuwa 21 ga Disamba sai wajen 8:40 na safe take fitowa, ta faɗi wajen 3:40, yinin duka bai cika awa bakwai ba. Mutane suna kuka da wannan, kuma yana da nauyi a zuciya, ban raina ba. Amma ga mai hoto, yinin Disamba a Edinbara hantsi ne da la'asar sakaliya aka ɗinke, babu tsakar rana a tsakani. Haske yana zuwa daga gefe tun safe har yamma, yana fito da kowane layi na dutse. Kuma ba sai ka yi sammako ba, kana iya ɗaukar fitowar rana ka shiga aji ƙarfe goma. A Yuni kuwa fitowarta wajen 4:30 na asuba ne, faɗuwarta bayan goma na dare.

Ka ce hadari kullum. Ina so ka sauya yadda kake kallonsa. Ruwan da ke sauka a Edinbara a shekara wajen milimita 700 ne, bai kai na Kaduna ba, bai kuma kai na Gilasgo da ke yamma ba. Bambancin shi ne ba ya taruwa a damina ɗaya, yana zuwa ne kaɗan-kaɗan, ya wuce, ya dawo. Iska yawanci daga kudu maso yamma take tasowa, tana kora gajimare da sauri, saboda haka cikin awa guda sai ka ga yayyafi, rana, duhu, rana kuma. Mafi kyawun hotunan da na ɗauka a garin nan duk a bakin ruwan sama na same su, ko yana shirin zuwa ko ya ɗauke yanzu. Gajimare ya tsage, haske ya zubo ta kafar kamar tocila ya sauka a kan hasumiya ɗaya, bayanta hadari baƙi. Abin ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, wanda ya gudu ya fake a shago ba ya ganinsa. Ka saba duba taswirar ruwan sama ta hukumar Met Office, wadda ke nuna inda yayyafi yake da inda ya nufa, ka isa wurinka kafin ƙarshensa ya iso. Ga kuma wata kyauta: bakan gizo ba ya fitowa sai rana tana ƙasa da digiri 42, shi ya sa a gida sai safe ko yamma muke ganinsa. A nan daga Satumba har farkon Afrilu rana ba ta haura wannan, don haka ko da tsakar rana ana samunsa. Idan rana ta ɓullo ana cikin yayyafi, ka ba ta baya nan take ka duba. Ranar da sama ta yi garau babu ɗigon gajimare, ni ita ce ranar da na fi barin kyamara a gida.

Idan wuri ɗaya kawai za ka riƙe, ka riƙe Calton Hill. Tudu ne ƙarami a ƙarshen Princes Street ta gabas, mita 103, minti biyar ya kai ka sama. Hoton da ka gani a kowane kati daga nan ake ɗaukarsa: ɗan zagayayyen ginin tunawa da Dugald Stewart, na 1831, a gaba, hasumiyar agogon otel ɗin Balmoral a tsakiya, fada a can baya. Agogon nan da gangan ake sa shi gaba da minti uku don kada matafiya su rasa jirgi a tashar Waverley da ke ƙarƙashinsa, saboda haka kada ka gyara naka da shi. Ka ɗauki wannan hoto, babu laifi, kowa sai ya ɗauka. Amma ka san cewa rana ba a wuri ɗaya take faɗuwa ba. A Nuwamba, da kuma ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, ta wajen fada take sauka idan kana kan tudun nan, sai duk hasumiyoyin Tsohon Gari su zama baƙaƙen siffofi a kan jar sama. A nan baƙin da kake kuka da shi ya zama abin nema, ka rage haske ka bar su su yi baƙi sosai. A Yuni kuwa ta koma can dama, kan ruwan Forth. Tazarar da ke tsakanin mafaɗarta ta Disamba da ta Yuni kusan rubu'in da'ira ce cif, abin da ba mu saba gani a gida ba.

Idan ka gama da wancan, ka zagaya tudun. Akwai ginshiƙai goma sha biyu na ginin da aka fara a 1826 don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen Napoleon, kuɗi ya ƙare a 1829 aka bar shi haka. Rashin rufinsa shi ne amfaninsa gare mu, domin sama tana shiga ta tsakanin ginshiƙan, idan mutum ɗaya ya hau ya tsaya sai girman abin ya fito. Ta arewa kana ganin unguwar Leith da teku, ta kudu kuma fadar Holyrood da bangon dutsen Salisbury Crags. Kuma duk lokacin da na sauko ta matakalar yamma nakan ɗan tsaya a gaban wani gida da ake kira Rock House. A nan masu ɗaukar hoto David Octavius Hill da Robert Adamson suka yi aiki daga 1843, hoto bai fi 'yan shekaru da ƙirƙirowa ba. Da takarda mai magani da hasken ranar garin nan suka ɗauki dubban hotuna cikin shekara huɗu da 'yan watanni, har da matan Newhaven masu tallan kifi da hasumiyar Scott ana cikin ginin ta, kafin Adamson ya rasu a 1848. Hotunan suna nan a gidan adana hotunan mutane na ƙasa da ke Queen Street, shiga kyauta ne. Ka je ka ga yadda suka yi da inuwa. Darasi ne da babu malamin da zai ba ka irinsa.

Arthur's Seat, dutsen nan mai mita 251 da ke tsakiyar gari, ragowar dutse mai aman wuta ne da ya mutu shekaru miliyan ɗari uku da wani abu da suka wuce, haka ma dutsen da fada ke kai. Kowa ƙololuwa yake nufa, amma daga can garin yana yin nisa ya baje. Na fi son saman Salisbury Crags da safe, rana tana bayana tana haska Tsohon Gari, fada kuma kusan daidai da idona. Da yamma sai ka sauka ka kalli bangon dutsen daga ƙasa, yakan yi ja kamar garwashi. A Afrilu da Mayu wata ƙaya mai furanni rawaya takan rufe gangaren duka. Ka yi hattara da iska a can sama. Wata safiyar Fabrairu na kafa kyamara a kan ƙafarta, na juya in ɗauko batir a jaka, iska ta tashi gaba ɗaya ta kifar da ita a kan dutse, idon ya tsage. Tun ranar ba na sakin igiyar kyamara daga hannuna a kan tudu, ba na buɗe ƙafar duka tsawonta, kuma ba na matsawa bakin gaɓa, domin faɗuwar ta fi mita arba'in.

Akwai ranakun da sama takan rufe ruf da toka ɗaya daga gabas har yamma, babu tsaga. Irin wannan rana ka cire sama daga hoton gaba ɗaya, ka shiga lungu. Titin Royal Mile, babban titin Tsohon Gari, yana da ƙananan lunguna da ke gangarowa hagu da dama, ta cikin Advocate's Close kana hango hasumiyar Scott kamar an sa ta a firam. Victoria Street mai lanƙwasa da shaguna masu launi ta fi kyau daga barandar da ke samanta, bayan ruwa, daɓen duwatsu yana ƙyalli. Dean Village, tsohuwar unguwar masu niƙa a bakin rafin Water of Leith, ita ma hasken lulluɓi take so. Sai dai gidajen mutane ne, a sassauta murya, kada a leƙa taga.

Daga Afrilu zuwa Satumba za ka gamu da abin da suke kira haar. Iska mai ɗumi ce take bi ta kan ruwan Tekun Arewa mai sanyi, damshinta ya zama hazo, iskar gabas ta turo shi cikin gari. Ya yi kama da hazon hunturunmu wajen haɗiye nesa da raba abubuwa hawa-hawa, sai dai namu ƙura ce busasshiya mai ja, wannan ruwa ne fari mai jiƙa gilashi. Ba shi da kauri sosai ta sama. Idan ka farka ka ga ya rufe unguwa, kana da zaɓi biyu. Ko ka shiga Tsohon Gari ka ɗauki fitilu da mutane suna ɓullowa daga cikinsa, ka ƙara haske zuwa +0.7 don kada farin ya koma toka. Ko ka hau tudu da sauri, domin wani lokaci daga Arthur's Seat ko tsaunukan Pentland za ka tarar kana cikin rana, hazon yana kwance a ƙarƙashinka, kan fada da tsinin hasumiyoyi kaɗai suka leƙo. Sau uku na dace da wannan, kuma har yanzu idan na ga iskar gabas a Mayu ina barci da takalmi a bakin ƙofa.

Daren bazara a nan wani abu ne daban. Daga farkon Mayu zuwa farkon Agusta duhu ba ya kammala, za ka ji ma ana ta bayani a masallaci kan yadda ake ƙayyade isha'i da asuba. A Yuni gefen arewa yana kwana da haske. A wannan lokaci ne, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Agusta, ake ganin gizagizai masu haske da dare. Ƙanƙara ce ƙanana a nisan kilomita 80 daga ƙasa, sun fi kowane gajimare tsayi nesa ba kusa ba, saboda haka rana tana haska su bayan ta daɗe da ɓace mana. Sukan fito kamar zaren azurfa mai shuɗi-shuɗi, a ƙasa-ƙasa ta arewa, awa ɗaya da rabi zuwa biyu bayan faɗuwar rana ko kafin fitowarta. Gajimare na yau da kullum a wannan lokaci baƙi yake, waɗannan su ke ba da haske, da haka za ka gane su. Ka hau Blackford Hill ko Calton Hill, ISO 400 zuwa 800, ƙofar haske a buɗe, daƙiƙa biyu zuwa biyar. Ba a ganin su daga ƙasashenmu, kuma mutanen garin da yawa suna barci ba su taɓa lura ba.

Hasken arewa mai kore da ja, wanda ake kira orora, shi kowa ke tambaya. Yana zuwa, amma ba shi da alkawari. Daren 10 ga Mayun 2024 ya rufe saman Birtaniya duka, ya sake yin haka a Oktoban shekarar. Sauran lokuta ɗan kore ne a can ƙasa ta arewa, wanda kyamara ta fi ido gani. Jami'ar Lancaster tana da manhajar AuroraWatch UK mai aiko da sanarwa. Idan sanarwar ta kai matakin ja kuma sama a buɗe take, ka nufi bakin ruwa mai kallon arewa, Cramond ko Portobello, ISO 1600 zuwa 3200, daƙiƙa biyar, ka saita nisa da hannu a kan tauraro ko fitila mai nisa.

A wajen gari, ka fara da gadar Forth. Jirgin ƙasa daga Waverley zuwa Dalmeny, ka gangara garin South Queensferry. An buɗe ta a 1890, tsawonta mita 2,467, ƙarfe sama da tan 50,000, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2015, kuma har yau jirage suna bi ta kanta. Jan fentinta yana son hadari a bayansa. Daga ƙaramar tashar jiragen ruwa ta garin kana ganin gefenta na yamma, wanda la'asar ke haskawa. Daga ƙarƙashinta, wajen Hawes Pier, girmanta ke danne mutum. Ka jira jirgi ya hau, ƙanƙantarsa a cikin ƙarafan ita ke gaya wa mai kallo girman gadar. Idan ka juya hagu ga gadar mota ta 1964 da sabuwar Queensferry Crossing ta 2017, ƙarni uku a jere a kan ruwa ɗaya.

Cramond kuwa sai na ja maka kunne. Tsibiri ne da ake takawa da ƙafa idan ruwan teku ya janye, tafiyar wajen mil guda, ga jerin turakun kankare na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu a gefen hanyar, abin da mai hoto ke so. Amma ruwan yana dawowa da saurin da wanda ya tashi a tudu ba ya zato, ya rufe hanyar gaba ɗaya. Akwai allo a bakin hanya da ke nuna lokutan da za a iya ƙetarawa, wajen awa biyu kafin ƙarshen janyewar ruwa da awa biyu bayansa. Ka karanta shi, ka sa ƙararrawa a waya, ka juyo tun da sauran lokaci. Ma'aikatan ceto suna yawan ɗauko mutane a can, kuma hoto yana ɗauke hankali.

Tsaunukan Pentland suna kudu, bas na gari yana kai ka gindinsu. Allermuir, mita 493, yana ba ka gari da teku duka, a gangarensa wajen Swanston akwai shanun nan masu dogon gashi da manyan ƙahoni, ka ɗauke su daga nesa. Ta gabas, rabin awa a jirgi, akwai North Berwick, da kangon fadar Tantallon ta ƙarni na 14, da tsibirin Bass Rock da ke yin fari fat da tsuntsayen teku a bazara. Dokar Sukotland ta 2003 ta ba kowa damar ratsa yawancin filaye da tsaunuka muddin ya kiyaye, wato a rufe ƙofar shinge, kada a firgita tumaki, kada a shiga harabar gida. Ƙaramin jirgi marar matuƙi kuwa yana da dokokinsa na rajista, filin Holyrood, inda Arthur's Seat yake, sai da izini, kusa da filin jirgin sama kuma an hana.

Ɗaukar mutane a titi ba laifi ba ne a doka, amma ka riƙe kunyar da ka zo da ita: kada ka ɗauki yaran mutane, mai busa algaitar gargajiyarsu a Royal Mile kuma sana'a yake yi, ka ajiye masa wani abu kafin ka ɗaga kyamara. A Agusta garin yana cika maƙil saboda bukukuwan wasanni, ana kuma kafa manyan kujerun ƙarfe a gaban fada tun wajen Yuni har Satumba. Hoton fada tsaf sai daga kaka zuwa farkon bazara, wato lokacin da kake ciki yanzu.

Abin da za ka saya bai taka kara ya karya ba: ƙafar kyamara mai ɗan nauyi, ko ta hannu ce, batir na biyu, ƙyallen goge gilashi guda biyu, safar hannu, rigar ruwa, takalmi mai kama ƙasa. Sanyi yana shanye batir, ka ajiye ɗaya a aljihun ciki kusa da jiki. Idan za ka shiga ɗaki mai ɗumi daga waje, ka bar kyamara cikin jakarta a rufe na rabin awa, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a gilashin, har cikinsa. Idan kuɗi ya samu nan gaba, dogon ido mai kai milimita 200 shi zan ce ka fara da shi, domin yana tattaro hasumiyoyin garin su hau kan juna daga Calton Hill ko Blackford.

Ga aikin da zan ba ka. Cikin makonni biyu masu zuwa ka hau Calton Hill sau biyar, ka tsaya a wuri ɗaya, kusa da ginin Dugald Stewart. Sau ɗaya da hantsi, sau ɗaya ana yayyafi, sau uku daga rabin awa kafin magariba har sama ta yi shuni. Kada ka goge ko ɗaya a wurin. Ka zaɓi uku ka turo mini tare da lokacin da ka ɗauki kowanne da saitin da ka yi, mu duba su tare.